Ranar da Aka Rufe Fim ɗin Yayanku

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji. An gaya muku ubanku ne ya rufe fim ɗin yayanku a gaban ikilisiya, ya kunyata shi, har ya bar gida bai sake waiwayowa ba. Kun ji a bakin matan zumunta na coci, kun ji a bakin tsaranku, kuma ba wanda ya taɓa tambayata a cikinku. Kuna gaishe ni da ladabi, kuna kawo min magani, amma da an ambaci yayanku sai kowa ya sunkuyar da kai yana danna waya. To, ni dai ban mutu ba tukuna. Idona ya yi rauni amma hannuna yana riƙe biro, zan gaya muku yadda aka yi, in kun ga dama ku yarda.

Lokacin da kallon fim ya shigo ƙasarmu, nan tsakanin Tudun Wada da Doguwa, samarinmu sun fara sulalewa ranar kasuwa suna shiga gidan kallo, su dawo da wani irin tafiya da wata irin magana. Dattawan coci suka ce maimakon a yi ta faɗa, gara a sayi talabijin da janareta, a riƙa kallo a gida ranar Lahadi bayan sujada, uwa da uba da yara gaba ɗaya. Amma sai an sami wanda zai fara kallo ya tace. Ni aka ɗora wa, wai don na taɓa koyarwa a firamare ina jin Turanci. Duk faifan da aka sayo daga Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada, ɗakina yake fara kwana. In na ce bai dace ba, magana ta ƙare. In kuwa mai kyau ne amma da ɗan wuri mara kyau a ciki, sai in zauna a kan kujera gefen talabijin da wani baƙin zane na saƙi a cinyata. Da wurin ya zo sai in yafa wa talabijin zanen. Matsalar ita ce zane yana rufe hoto, ba ya rufe murya. Don haka na koya wa matan zumunta cewa da sun ga zane ya hau, su ɗauki waƙar yabo da ƙarfi har sai na janye. Sun ƙware ƙwarai. Akwai lokacin da na ɗaga zanen don in share gumi kawai, kafin in kai shi goshi mata sun riga sun ɗauki waƙa. Daga nan sunana ya ɓace, ba mai cewa Malam Bulus, kowa Mai Zane.

Kada ku ɗauka aikin wasa ne. Ni ma'aunina guda ne: in zan iya kallon abu ina zaune tsakanin uwata da 'yata ban nemi inda zan sa idona ba, to ya dace da iyali. Finafinan maƙwabtanmu Musulmi akwai ladabi da girmama na gaba, sai dai rawa da waƙar nan ta saurayi da budurwa, hannuna har ya gaji da yafa zane. Na Turawa kuwa, tabɗi, mutum zai sumbaci matar wani kamar yana shan ruwa. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne waɗanda ake kawowa daga Kudu an rubuta musu na Kirista, daga farko har ƙarshe mayu ne da jini da ihu, sai a ƙarshe fasto ya daka tsawa a ce an yi bishara. Yara su kwana suna firgita. Da yawansu na mayar. Na sha cewa a taron dattawa, fim ba ya zama na Kirista don an ambaci sunan Yesu a ciki, sai in ya faɗi gaskiya, ya kuma bar mutum da tausayin ɗan'uwansa. Suna gyaɗa kai. Yaya Ayuba, wana, wanda shi ne shugaban dattawa, shi ya fi kowa gyaɗawa.

Yanzu sai in gaya muku abin da ba a faɗa a gidan nan. Kakarku Iya, wadda hotonta yake ɗakin ɗanta Yaya Ayuba, ba ita ta haife ni ba. Babanmu Nomau mata biyu gare shi lokacin da mai bishara ya iso ƙauyen nan, Iya da Innata. Ya ba da gaskiya da dukan zuciyarsa, ya ba da gonarsa aka gina coci. Amma da aka zo baftisma aka ce masa Kirista mace ɗaya yake zama da ita, sai ya riƙe ta fari ya sallami ta biyu. Ba faɗa, ba laifi. Matan nan biyu a kwano ɗaya suke cin tuwo. Ina ƙarami amma ina tunawa. Inna ta ɗaure ƙorenta a tsumma, Iya ta riƙe ni gam a jikinta tana kuka fiye da wadda ake kora, Baba yana tsaye a bakin rumbu ya juya baya. Ɗa na uba ne, don haka aka bar ni. Inna ta koma wajen danginta a gefen Burumburum, ta yi wani auren, mijin ya mutu, ta zauna tana daddawa tana sayar wa matan Fulani. Shi kuwa Baba aka yi masa baftisma ya zama Dauda, uban ikilisiya. Kowace shekara a bikin godiya na kaka ana karanta tarihinsa, yadda ya bar giya, ya bar tsafi, ya ba da gona. Ba a taɓa cewa ya bar mace ba.

Yayanku, kun san ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba ma zama mu yi hira kamar yadda nake yi da ku. Haka muka gada, shiga Kiristanci bai cire mana wannan kunyar ba. Amma ina kallonsa. Ya dawo daga karatu a Zariya da na'urar ɗaukar hoto, yana ɗaukar bukukuwan aure a Tudun Wada da Kiru, na Musulmi da na Kirista. An yi masa tayin aiki a birni ya ƙi. Ya gaya wa uwarku shi a nan zai zauna, ya yi aure, ya riƙa yin finafinai da Hausarmu, da mutanenmu, waɗanda Baba ba zai sa musu zane ba. Da uwarku ta kawo min maganar na ce mata, to, Allah ya taimaka. Na fita bayan gida na tsaya ina murmushi ni kaɗai kamar wawa.

Shi kaɗai ne a cikinku yake hawa babur ya je wajen Inna. Tana ce masa angona, yana ce mata amarya, ya sha fura ya kwanta a tabarmarta. A can ya kwaso labarin. Ya tara matasan coci suka yi ta ɗauka a gonaki tun daga shuka har masara ta bushe, ba wanda ya san me suke yi. Wata ranar Asabar da hantsi ya shigo ya ajiye faifai a kan teburina, ya koma bakin ƙofa ya tsaya.

Na kunna. An canja sunaye, an canja sunan gari. Amma yaron da ya fito a matsayin maigidan yana ɗingisa ƙafar hagu, daidai yadda Baba yake yi. Ba rawa, ba zagi, ba jini, ba a ma yi wa mai bisharar sharri ba, an nuna shi mutum ne mai tsoron Allah da yake yin abin da aka koya masa. Har ƙoren nan a tsumma sai da ya saka a ciki. Amma yayanku bai tsaya inda rayuwa ta tsaya ba. A fim ɗinsa, bayan shekaru, mutanen cocin sun tashi gaba ɗaya da fastonsu, suka taka har ƙauyen matar, suka durƙusa suka roƙe ta gafara, suka dawo da ita suka zaunar a bencin gaba. Da ya ƙare na daɗe ban juyo ba, don ba na so ya ga fuskata.

"Ya dace," na ce.

"Ba inda za ka rufe, Baba?"

"Babu wurin rufewa."

Ya durƙusa ya ce ya gode, ya fita. Wannan ita ce doguwar hirar da muka taɓa yi da shi.

Uwarku ta fi ni hangen nesa. Ta ce, Malam, ka je ka gaya wa Yaya tukuna. Na je. Na same shi yana ɓarzar masara a ƙofar gida. Ban ɓoye masa komai ba, na ce yaron nan ya yi fim, labarin Inna ne da Baba, na duba, ya dace.

"Ka ce an canja sunaye?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"An canja, Yaya."

"To."

Wannan "to" ɗin na ɗauka amincewa ce. Ku da kuka san Yaya Ayuba ku gaya min me za ku ɗauke ta.

Aka sa ranar godiyar kaka, bayan sujada, da rana tsaka. An jera dammunan dawa da buhunan masara na baiko a gaban bagadi, aka rufe tagogi don hoto ya fito. Coci ya cika har da baƙi daga ƙauyukan Doguwa. Abin da ban sani ba, yayanku ya tafi tun da safe ya ɗauko Inna a babur. Matar da ba ta taɓa taka cocin da aka gina a gonar mijinta ba. Na sha roƙonta, amsarta ɗaya ce, ni da aka fitar me zan shiga nema? Amma angonta ya ce ta zo, ta zo. Yanar ido ta rufe mata gani a lokacin, ba ta ganin komai sai haske da duhu. Ya zaunar da ita a bencin ƙarshe na ɓangaren mata, ya ce mata, amarya, ki kasa kunne kawai. Shi kuma ya fita waje wajen janareta, don janaretar tsohuwa ce, sai ana lallaɓa ta.

Da farko dariya ake yi, kowa yana nuna ɗansa a talabijin. Da maigidan ya fito yana ɗingishi sai dariyar tsofaffi ta ɗauke. Yara ba su gane ba, suka ci gaba kaɗan, sannan su ma suka yi shiru. Mai bishara ya ce sai dai ka zaɓi ɗaya. Maigidan ya shiga gida ya kira ƙaramar matarsa.

"Bulus, zane!"

Muryar Yaya Ayuba ce daga bencin dattawa. Ban motsa ba. Allah shaida ne, hannuwana biyu suna kan zanen a cinyata, na danne shi.

"Bulus! Ba ka ji ba ne?"

Na ce, "Yaya, na duba shi. Babu abin rufewa."

Ya taso, tsoho da shi, ya zo ya fizge zanen daga cinyata ya yafa wa talabijin da hannunsa. Su kuwa mata, abin da na koya musu shekara da shekaru suka yi. Zane ya hau, suka ɗauki waƙa. Ba mugunta ba ce, bakinsu ne ya riga tunaninsu. Uwarku kaɗai na hango bakinta a rufe. Waƙar yabo ta cika coci, a ƙarƙashinta kuma ana jin wata murya ƙasa-ƙasa daga cikin zane, matar tana tambaya me ta yi. Yaya ya tsaya dafe da zanen. Fasto yaro ne baƙo, bai daɗe da zuwa ba, ya rasa inda zai kalla.

Jin waƙar ne ya shigo da yayanku. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ga zane, ya ga Yaya, ya gan ni a zaune. Ya daɗe yana kallona, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Talabijin ɗin tana kusa da ni, da na miƙa hannu zan taɓa zanen. Na san abin da yake jira. Amma ku tsaya ku ji. Mutumin nan da yake dafe da zanen, shi ya goya ni lokacin da aka tafi da Inna. A tabarmarsa na yi ta fitsarin kwance yana ɓoyewa kada a doke ni. In tashi a cikin ɗakin Allah, a gaban baƙi, in yi kokawar tsumma da shi? Ba a haife ni haka ba. Na zauna ina jira ya huce ya janye da kansa. Yayanku ya juya ya fita. Can sai muka ji janareta ta mutu. Shi ya kashe ta da hannunsa. Waƙar ta ɗan ci gaba a cikin duhu, sannan ta watse.

Ni na mayar da Inna gida da yamma a bayan babur ɗin maƙwabcinmu Malam Sule. Sai da na zaunar da ita a tabarmarta, na ɗebo mata ruwa, sannan ta lalubo hannuna.

"Mata sun hana ni ji. Kai ka ga ƙarshensa?"

"Na gani, Inna."

"Me aka yi da matar?"

"Sun je sun roƙe ta gafara. Sun dawo da ita, sun zaunar da ita a gaba."

Ta murza yatsuna. Sannan ta yi wata 'yar dariya da har yau in na tuna ba na iya cin abinci.

"Ashe ƙarya angona ya shirya. Gara da aka rufe."

A cikin makon dattawa suka zauna. Suka ce yaron ya tozarta uban ikilisiya a ranar godiya, a gaban baƙi. Hukunci shi ne ya tashi ranar Lahadi a gaban jama'a ya tuba, ya fasa faifan, in ba haka ba a sa shi a horo, ba cin jibin Ubangiji, wato gurasar nan mai tsarki da ake rabawa a coci, ba ɗaura masa aure a coci. Na tashi na yi magana, kuma wannan ma ba a gaya muku ba. Na ce ku kuka ba ni aikin nan, ban taɓa kawo muku ƙazanta ba. Ku nuna min tsiraici a fim ɗin nan, ku nuna min zagi, ku nuna min ƙarya guda in banda ƙarshensa, wanda shi ma alheri ya yi mana da ba mu cancanta ba. Na ce mun bar yaranmu sun kalli mayu suna shan jini don an ce na Kirista ne, yau an kawo mana labarin gidanmu mun ce bai dace da iyali ba. Wane iyalin? Yaya ya ce min in zauna, ɗaci ne na uwa yake magana a bakina. Aka ɗaga hannu. Hannuna kaɗai ne bai tashi ba. Na ajiye musu zanen a kan tebur na fito.

Yayanku bai jira Lahadi ba. Da safe na fito na tarar ya ɗaure jakarsa a babur, uwarku tana riƙe da kan babur ɗin tana kuka. Na keta kunyar da na riƙe tun haihuwarsa na matsa kusa da shi.

"Ba ni na rufe ba," na ce.

"Na sani, Baba. Na gani da idona." Ya cire hannun uwarku daga babur a hankali. "Amma ba ka buɗe ba."

Shi ke nan. Kun san sauran. Yana can Kudu, an ce yana ɗaukar hoton bukukuwa, ya yi aure ba mu je ba, ba ya shiga kowane coci. Yana kiran uwarku har ta rasu. Ni in na sa an kira min shi, wayar tana ta ringi har ta gaji. Inna ba ta ga damina biyu bayan nan ba, danginta suka binne ta, ba wanda ya je daga cocinmu sai ni da uwarku. Yaya Ayuba ya yi shekaru muna gaisawa kamar waɗanda suka haɗu a tasha. Da yana jinyar ajali na zauna a gefensa ina jira ko zai ce wani abu. Ya ce in kula masa da awakinsa.

Abin da ya fi ci min rai kuwa, duk wannan a kan me? Ba a daɗe ba talabijin ɗin ta lalace, ba wanda ya damu ya gyara. Waya ta shigo. Yau jikokina suna zaune a gabana, kowa da nasa kallon a tafin hannu, abin da ke ciki ko a mafarki ban taɓa gani ba lokacin ina Mai Zane. Ba mai tacewa, ba mai tambaya, ba zanen da zai rufe wannan. Na ɓata shekaruna ina tsare ƙofa, ashe katangar ce gaba ɗaya za ta faɗi. A duk abin da ya bi ta hannuna, fim guda ne na tabbata Ubangiji zai zauna ya kalla tare da mu, shi ne kuma kaɗai aka hana wannan ikilisiya gani har ƙarshe. Bana ma an karanta tarihin Baba a bikin godiya. Giya, tsafi, gona.

Ba na ce muku na yi laifi ba, kada ku karanta haka. Na juya ranar nan a raina har na gaji, in aka mayar da ni kan kujerar nan ban san ko hannuna zai miƙu ba. Addu'a nake yi, amma na daina sa rai zan ji ƙarar babur a ƙofar gida.

Abu biyu nake so. In faifan nan yana hannun wani, ku nema, ku tara 'ya'yanku ku kalla, tun daga farko har inda ake durƙusa wa matar. Hukuncina bai canja ba, ya dace da iyali. Na biyu, in kun yi magana da shi, ba sai kun roƙe shi ya dawo ba. Ku dai gaya masa ubansa ya rubuta sunansa da hannunsa. Ni na raɗa masa shi, ban taɓa kiransa da shi ba ko sau ɗaya, ina jira wai sai ya girma, sai na tsufa, sai kunya ta ragu. To, yau ga shi nan.

Istifanus.